Kwana huɗu babu wuta a layinmu: dumso ne ko ba dumso ba ne?

Daga zauren WhatsApp na 'yan layin masallaci, Aboabo, Kumasi, Ghana

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'ar gida. Ni dai yau sai na faɗa, ko da za a cire ni daga zauren nan. Tun daren Talata da iskar nan ta kayar da mangwaron bakin masallaci ya danne wayoyi, yau ga shi Asabar, ko ƙyallin wuta ba mu gani ba. Firji biyu gare ni. Burkinar da na haɗa, furar nan ta gero da madara, don cinikin Laraba duk ta kumbura ta yi tsami, da hannuna na tuttule ta a kwata ina hawaye. Sobolo kuwa ko yara sun ƙi saye, wa zai sha da ɗumi? Bohol ya tsaya, ruwa sai na jarka. Ƙanwata tana aiki a wani gida a Ahodwo, ta ce su tun Laraba da la'asar aka maido musu. To mu ba mutane ba ne? Mitarmu duwatsu muke zuba mata? Ga tsohuwar nan ta ƙarshen layi, kwanon ɗakinta ya tashi gaba ɗaya, a ɗakin maƙwabta take kwana da jikoki uku, ba wanda ya leƙa ta. Wallahi wannan dumson ya ishe mu.

Tela: Yaya kin faɗi abin da ke raina. Ɗinkin biki takwas ne a gabana. Na koma kan keken ƙafa na marigayi babana, guga kuma sai da gawayi.

Ɗan Asawase: Yaya, Allah ya mayar miki da alheri, asara ba daɗi. Amma kalmar nan ta ƙarshe ki janye ta. Wannan ba dumso ba ne. Iska ta kayar da itace, itace ya tsinke waya, ko a Amurka guguwa tana yin haka. Dumso shi ne wuta ta yi ƙaranci daga tushe a riƙa raba ta unguwa-unguwa da gangan. Kada mu ba wasu abin magana.

Kawu Direba: Su wane ne wasu? Kira sunansu mana. Yarinya ta ce dumso ka zabura kamar an taka maka gyambo. Wanda aka yi dumso a zamaninsa, John Mahama, ai ya dawo kujera tun Janairun 2025, in abin ya biyo shi mene ne na mamaki?

Ɗan Asawase: Haba Kawu, da girmanka. Shugaban ƙasa ne ya huro iskar?

Kawu Direba: A 2015 kana ina? Awa 24 duhu, awa 12 haske, haka muka rayu. Har 'yan fim suka fito tattaki da kyandir a Accra cikin watan Mayu. Ministan wuta da kansa ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar don ya kasa cika alkawari. Ko shi ma iska ce ta kayar da shi?

Ɗan Asawase: Ka faɗi rabi ka ɓoye rabi. Tun 2012 da anga ta wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas mai zuwa daga Najeriya a wajen Lome matsalar ta fara. Kuma wa ya kawo jirgin wutar nan na Turkiyya Tema a ƙarshen 2015? Ku da kuka zo, a 2024 ana ta ɗauke wuta dare da rana, mutane suka roƙi jadawali kawai, ministanku ɗan garin nan ya ce mai son jadawali ya kawo nasa. Na 2006 zuwa 2007 kuma zamanin wa ne? Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kawu Direba: Wancan fari ne, ruwan madatsar Akosombo mai ba da wuta ne ya ja baya. Daga Allah ne.

Ɗan Asawase: Au, fari daga Allah, iska kuma daga jam'iyya?

Tela: Kawu ka sha wannan.

Hajiya Babba: Ku yaran nan kuna ba ni dariya. A 1983 yawancinku ba a haife ku ba. Ga fari, ga gobarar daji, ga yunwa, ga mutanenmu an koro su daga Najeriya sun cika tasha da jakunkuna. Ruwan Akosombo ya yi ƙasa aka riƙa raba wuta. Mu lokacin cewa kawai muke an ɗauke wuta, mu kunna aci-balbal mu ci tuwonmu. Ku taimaki baiwar Allah da ɗakinta ya yaye ku bar surutu.

Malamin Makaranta: Hajiya a yi min afuwa, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dukansu biyun sun yi kuskure. Kalmar ta Tonawa ce: "dum" kashewa, "so" kunnawa. Wato a kashe a kunna, a kashe a kunna. To mu tun Talata an kunna? Ba a kunna ba. Saboda haka a ƙa'idar harshe namu "dum" ne zalla, "so" ɗin bai iso ba tukuna.

Tela: Malam ka kashe ni. To Allah ya kawo mana so.

Kawu Direba: Wato Malam ya yarda abin ya ma fi dumso muni.

Malamin Makaranta: Ban ce haka ba, kada a sa min magana a baki.

Ɗan Asawase: Malam ya ce ba dumso ba ne, a rubuta.

Malamin Makaranta: Wannan ma ba haka na faɗa ba.

Mai Gyaran Wuta: Jama'a ku ba ni minti biyu, ni aikina ke nan, kuma na je wurin da ƙafata ranar Laraba da safe. Wutar Akosombo da ta Bui da ta injinan Anwomaso tana nan lafiya lau a manyan layukan GRIDCo, kamfanin da ke jigilar wuta a faɗin ƙasa, shi ya sa Adum da Kejetia suke da haske. Namu na ƙasa ne ya lalace. Mangwaron ya faɗa kan layin 11kV, nauyinsa ya ja turaku biyu na katako, ɗaya ya karye daga gindi, ɗaya ya kwanta, wayoyin da ke shiga gidaje wajen goma suka tsinke. Inda fiyus kawai ya tashi, aikin awa ɗaya ne. Inda turke ya karye kuwa sai an sare itacen, a kawo sabon turke da mota mai ƙugiya, a haƙa rami, a kafa, a ja waya, a gwada tiransifoma ko ta sha wuta. Kuma bayan iska irin wannan manyan layuka ake fara tayarwa, masu ɗauke da asibiti da gidan ruwa da gidaje dubbai, sannan a sauko kan ƙanana. Ba ina wanke kowa ba ne, kwana huɗu ya yi yawa, kuma ko takarda ba a liƙa mana ba a ce ga ranar da za a zo. Abin da ya fi damuna shi ne wayar da ke kwance a bakin kwata. Jiya na ga yara suna tsallake ta suna wasa. Duk wayar da ta faɗi ku ɗauka tana da rai. Don Allah masu janareta, in ba ku da canja-layi kada ku jona shi da wayar gida, wutar tana komawa kan layi ta kashe mai gyara a saman turke. Kada a kunna shi a zaure ko a ɗaki, hayaƙinsa ba ya sallama. Ku cire firji da talabijin daga soket kafin wuta ta dawo. In wani abu ya faru a kira 112. Abu na ƙarshe, tiransifomarmu tun kafin iska tana kuka, saboda haɗin bayan fage ya yi mata yawa.

Yaron Shago: Wane ne yake haɗin bayan fage? Ka fito fili. Haka kuke zubar mana da mutunci, kowa ya tashi sai ya ce 'yan zango ɓarayin wuta ne.

Mai Gyaran Wuta: Ban ce ɓarayi ba.

Yaron Shago: Ma'anar ke nan. Kuma in an bi diddigi, wa yake hawa turken da dare yana jonawa? Tela ne?

Tela: Ni ku cire ni a ciki, ko kujera na hau jiri nake ji.

Mai Gyaran Wuta: Duk bayanin da na yi wannan kaɗai ka gani? To shi ke nan. Ku dai hana yara zuwa bakin kwata.

Kawu Direba: Ni tambayata ɗaya. Bara da aka ce a rage rassan mangwaron nan kafin damina, wa ya hana?

Ladan: Ba hanawa aka yi ba Alhaji. Cewa aka yi a bari 'ya'yan su nuna tukuna, kuma tsofaffi a inuwarsa suke jiran la'asar. Marigayi liman ne ya dasa shi da hannunsa.

Kawu Direba: To ga shi sun nuna.

Ladan: Wannan ba magana ba ce da za a yi wa mamaci.

Kawu Direba: Da mangwaro nake, ba da liman ba, Allah ya ji ƙansa.

Yaya na Hambug: Salam 'yan gida, yanzu na tashi daga aiki na ga saƙo sun fi ɗari. Ni a nan shekarata tara ban taɓa ganin an ɗauke wuta ba, saboda wayoyinsu na cikin gari a ƙarƙashin ƙasa suke. Ku kira shi duk sunan da kuke so. Maganar tsohuwa fa? Bandir nawa na kwano ake buƙata? Zan turo kuɗi ta momo, wato asusun waya, amma da sharaɗi: a fara gaya mana inda kuɗin gyaran kwata na bara ya shiga. Ni kaɗai na turo sidi dubu.

Shugaban Zaure: An yi bayanin wannan a taron da aka yi bayan sallah. Wanda bai zo ba kada ya tayar da tsohon zance.

Yaya na Hambug: Daga Jamus zan zo taron?

Yaron Shago: Kullum sai an gaya mana Jamus. Mun ji, ƙarƙashin ƙasa. Mu ko kwatarmu a buɗe take.

Tela: Tunda an zo maganar kuɗi, janaretan da ake caji da shi a ƙofar masallaci na masallaci ne ko na mutum? Don na ga ana karɓar sidi uku kan kowace waya. Laraba sidi biyu ne.

Shugaban Zaure: Janareta nawa ne na kaina, fili kawai na ara. Man fetur kyauta ake ba ni? Kuma lasifikar masallaci da wutar wa take kiran salla tun Laraba? Ladan yana nan, a tambaye shi.

Ladan: Gaskiya ne, Allah ya saka.

Tela: Ni tambaya kawai na yi.

Ɗan Asawase: Duk wannan ya faru ne saboda kalma ɗaya da aka faɗa ba daidai ba. Da Yaya ta ce "matsalar iska" da tuni an wuce wurin.

Kawu Direba: Dumso. Dumso. Dumso. Ka kai ni kotu.

Maman Biyu: Innalillahi. Na je ɗebo ruwa na dawo na tarar da wannan. Ni ban san jam'iyyar kowa ba, duhu na gani na kira shi da sunan da kowa yake kira. Cewa na yi me ya sa wasu unguwanni kwana ɗaya, mu kwana huɗu, kuma wa zai je ofishin masu wutar da wakilin unguwa a yi magana da murya ɗaya. Ba wanda ya amsa. Tsohuwa kuma hadari yana haɗuwa yanzu haka, katifarta tana waje an jingine ta da bango. Ni zan ba da ledar rufi da nake shanya gero a kai, a samo yara biyu su ɗaura mata kafin magariba.

Hajiya Babba: Allah ya yi miki albarka 'yata. Jikana zai zo da tsani.

Malamin Makaranta: Ƙaramin gyara: "sunan da kowa yake kira" ba hujja ba ce a ilimin harshe.

Yaya na Hambug: Har yanzu ina jiran lissafin kwata.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, zan rufe zauren zuwa gobe da safe. Ga abin da aka tattauna don waɗanda ba su bi ba. 'Yar'uwarmu ta kawo kuka cikin ɓacin rai, kuma ta yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, muna mata uzuri. Masana a cikinmu, wato Malam da mai gyaran wuta, sun tabbatar cewa wannan ba dumso ba ne, ƙaddara ce ta iska, kuma mafi yawan jama'a sun gamsu in ban da mutum ɗaya da kowa ya san inda ya dosa. Maganar cewa an fifita wasu unguwanni ba a kawo hujja a kai ba. An ja hankalin masu hawa turke da dare su ji tsoron Allah. Zancen kuɗin kwata an riga an rufe shi tun bayan sallah, kuma ba a zaure ake lissafi ba, mai son taimaka wa tsohuwa daga waje ya turo ta lambata kamar yadda aka saba. Zaure yana godiya ga waɗanda suka sadaukar da janaretansu don kada kiran salla ya tsaya, duk da maganganun da aka gaya musu. Zuwa ofishin masu wuta za a duba shi ranar Litinin in har ba a kawo ba. Caji yana nan har ƙarfe goma na dare, waya sidi uku, fitila mai caji sidi biyar, kowa ya zo da cajarsa.