Shawarwarin masu tara agogon tunawa da gasa

Abin da masu tara irin wannan agogo suka fi nanata wa mai son saye shi ne a duba bayan agogo. Irin waɗanda ake ƙera ƙayyadadden adadi, kamar na kamfanin Omega da ya fara auna lokaci a gasar Olamfik a 1932, ana zana lambar kowane ɗaya a jikinsa. Lallai lambar ta dace da takardun shaida da kwalinsa, in ba haka ba darajarsa ta faɗi.

A danna maɓallan awon daƙiƙa a gani: allura ta koma kan sifiri daidai, ba ta karkace ba.

Kan goge jikin agogo kuwa an yi ta ja-in-ja. Ni ina tare da masu cewa a bar shi da tabonsa, don gugar tana cinye gefunan ƙarfen.

Wasu sun gargaɗi masu saye don riba: agogon da aka ƙera dubbai ba safai yake tsada ba.