Masu kwana a ido: yaya kuke tsare layinku da dare?

Mai gadin ƙofa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida ina tsaron ƙofar wani gidan rawa. Fitina ba a ciki ta fi tashi ba, a bakin titi take, lokacin da gidaje huɗu suka sako mutane a tare, ga shi babu abin hawa. Da abin ya ishe mu, sai masu gadin layin muka buɗe zaure a WhatsApp. Duk wanda aka kora saboda faɗa, kafin ya kai ƙofa ta gaba labarinsa ya riga shi. Ku me kuka gani?

Direban tasi:
Gaskiyarka ɗan'uwa. Da muna fakawa a warwatse cikin duhu. Yanzu wuri ɗaya muke layi, ƙarƙashin fitila, kuma mai gadi yana rubuta lambar duk motar da ta ɗauki mace ita kaɗai.

Mazauniyar unguwa:
Ni da haushinku nake kwana, ba zan ɓoye ba. Tagata tana kallon layin. Wata rana wajen ƙarfe uku na hango wata yarinya zaune a bakin kwata, takalmi ɗaya a hannu, wani mutum yana jan ta tana tirjewa. Jikina na rawa na kira lambar da masu gadi suka raba mana a taron unguwa. Ban ajiye wayar ba mutum biyu suka iso. Har yau ina tunanin inda za ta ƙare da ban je taron nan ba.

Ma'aikaciyar wurin shaƙatawa:
Allah ya saka miki, Hajiya. Mu dabarar da aka fara a Ingila a 2016 muka ara: macen da ta tsorata da abokin zamanta sai ta ce mana tana neman Angela, mu fitar da ita ta ƙofar baya ba tare da hayaniya ba.

Mai gadin ƙofa:
Cunkoso ne ya fi ba ni tsoro. A Itaewon ta birnin Seoul, a Oktoban 2022, mutum 159 suka rasu sanadin turmutsutsu a wani siririn lungu, alhali tun sa'o'i kafin nan ake ta kiran 'yan sanda. Shi ya sa a daren biki muke tsayar da mutum a kowane bakin lungu. Da ya ga an fara matsuwa, sai ya ɗaga tocila mu tsayar da masu shigowa.