Yarona ya haura shekara biyu, har yanzu bai fara magana ba

Maman Abdul, Kubwa:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka. Yarona shekararsa 2 da wata 4, daga "mama" sai "baba", komai da yatsa yake nunawa. Kakarsa ta ce nauyin baki ne na gado, wasu kuma sun ce a kai shi wurin wanzami ya duba harshensa. A gida Hausa muke yi, a makaranta Turanci. In ƙara jira ne?

Anti Hauwa, Gwarimpa:
Wa alaikumus salam Maman Abdul. Kar ki jira. Ɗan shekara 1 yana gwaranci, yana waiwayowa in an kira sunansa. Ɗan shekara 2 ana sa ran yana da kalmomi kusan 50, yana kuma haɗa biyu: "Baba tafi", "ba ruwa". Ki rubuta duk abin da yake faɗa, na Hausa da na Turanci a haɗe, har "mee" in ya ga akuya. Yare biyu ba ya hana yaro magana.

Malam Sani, Wuse:
Hajiya, a fara da kunne. Mura mai yawan dawowa tana tara ruwa a bayan dodon kunne, sai yaro ya riƙa jin magana kamar daga cikin rijiya. Sanƙarau, ƙyanda da shawara mai tsanani bayan haihuwa su ma suna taɓa ji. Tafa hannu a bayansa ba gwaji ba ne: zai ji ƙara mai ƙarfi alhali "s" da "f" suna wuce shi. Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, a auna jinsa da na'ura, sannan ki nemi a tura ku wurin mai koyar da magana.

Zancen wanzami kuwa a bar shi. Yanke ƙasan harshe ko cire beli ba ya kawo kalma ko ɗaya, sai zubar jini da ƙwayoyin cuta.

Anti Hauwa:
Ƙari: in ba ya haɗa ido, ba ya gane "ɗauko takalminka", ko ya daina faɗar abin da a da yake faɗa, likitan yara a makon nan.

Kafin nan, in ya nuna kofi kar ki miƙa nan take. Tsuguna daidai fuskarsa, ki ce "kunu ko ruwa?", ki ƙirga biyar a zuci. Ya ce "nu", ki ce "eh, kunu", ki ba shi. Waya da talabijin kar su wuce awa 1 a rana.