Me ya sa hadarin ƙarshen bazara yake fi yawa a kan duwatsu?

Manomi daga Bauchi: Assalamu alaikum. A watan Mayu, kusan kowace la'asar muna hango hadari da walƙiya ta wajen Jos, amma mu nan ƙasa sau da yawa iska da ƙura kaɗai muke samu, ko yayyafi. Mene ne dalili?

Malamin makaranta: Wa'alaikumus salam, Malam. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere kuwa sun haura mita 1,800. Idan iska mai laima daga tekun Atilantika ta tarar da wannan tudu, dole ta hau sama, inda take sanyi har tururin da ke cikinta ya zama girgije, kuma zafin rana yana ƙara tunzura ta. Shi ya sa ruwa yake sauka can da wuri, wani lokaci har da ƙanƙara.

Dattijo daga Toro: Ɗana, kada ruwan farko ya ruɗe ka ka yi shuka, domin yakan ɗauke kwanaki. Idan kuma tsawa ta same ka a gona, ka nisanci inuwar doguwar bishiya.

Manomi daga Bauchi: Na gode, Baba. Zan jira ƙasa ta jiƙe sosai.