Tayinsa ya fi na kowa, amma sai ya sayar da nasa gidan zai biya

Baban Zainab, Gadarif: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali nake nema. Mun sa gidan mahaifinmu a kasuwa, Allah ya jiƙansa, domin a raba gado. Mu bakwai ne, kuma biyu daga cikin ƙannena mata suna jiran kasonsu don su rufa wa kansu asiri. Wanda ya fi kowa tayawa wani bawan Allah ne da yaƙi ya koro daga Khartum a 2023, yana haya a bayan layinmu, sahu ɗaya muke sallah, kuma ban taɓa jin an faɗi aibinsa ba. Sai dai dukiyarsa tana kwance a gidansa na unguwar Hajj Yusuf a can Khartum, wanda har yanzu bai samu mai saye ba. Ya ce zai ba da kafin alƙalami, mu ɗaga masa ƙafa wata huɗu. Akwai wani mai kuɗi a hannu, amma tayinsa bai kai na farkon ba. Babban yayanmu yana son a jira, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Dattijon Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni na yi irin wannan jira, kuma har yau ina ganin sakamakonsa duk safiya idan na fito tsakar gida. A farkon 2021 na sallama wa wani ɗan'uwa gidana na Sinnar a gaban shaidu uku, aka yi fatiha, ya ce da zarar gidansa na Wad Madani ya fita zai kawo ciko. Ba mu yanke rana ba, domin a ganina a lokacin, yanke wa ɗan'uwa rana rashin kunya ne. A watan Fabrairu gwamnati ta karya darajar fam, kuɗin Sudan, a hukumance, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375, a watan Yuni aka janye tallafin mai, zuwa Yuli kuwa hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Duk mako ina zuwa wurin mai siminti da rodi in tambayi farashi, in dawo gida in rage ɗaki guda a takardar da na zana. Mutumin bai ci amanata ba, a watan Agusta ya kawo kuɗin cif, ko fam ɗaya bai yi ciwon kai ba, har ya haɗo mini da buhun dawa na godiya. Amma kuɗin da na yi lissafin zai gina ɗakuna huɗu da zaure, ɗaki biyu ya gina, ragowar filin kuwa rumfa na kafa a kai, a nan nake shan shayi yanzu. Saboda haka kada ka kwatanta tayin farko da na biyu kamar rana ɗaya za a biya su. Ka tambayi kanka abin da tayin farkon zai iya saya bayan wata huɗu, in ma wata huɗun ya tsaya a huɗu.

Maman Usman, Kosti: Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma ni ta makulli aka shigo mini. Mai sayen ya biya kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan ya zo da matarsa da tsohon ciki, ya roƙi su tare kafin damina tunda gidan a rufe yake. Na ji nauyi na miƙa makulli. Da na koma bayan wata biyu, na tarar an sake fentin ƙofa, an dasa lemun tsami kusa da famfo, an ɗaure akuya a inda mahaifiyata take shimfiɗa tabarmar sallah, matar kuma ta kawo mini ruwa a matsayin baƙuwa. Daga ranar nan gaggawarsa ta ƙare, domin wanda ya riga ya kwana a ɗaki ba ya rage farashin tsohon gidansa don ya fita da wuri. Shekara guda da wata biyu muka yi, dattawan unguwa suka zauna sau uku, kuma kowane zama da "a ƙara haƙuri, Hajiya" yake tashi. Kotu tana nan, amma fitar da mai jego daga gida abu ne da bakin mutane ba zai bar ni in yi ba. Ƙanena, ko me za ku yanke, makulli ya kwana a aljihun yayanku har ranar da kuɗi ya cika.

Dillali, Bur Sudan: Ni sana'ata ce, kuma la'adata ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka ba ni da riba a hana ku sayarwa. Abin da na lura shi ne masu gida suna bincikar halin mai saye, su manta da gidan da za a biya su da shi. Ku nemi ya nuna muku sabuwar shahadat bahas, wato takardar da ke nuna mamallakin gida, ta gidan Hajj Yusuf daga ofishin rajistar filaye, ku ga ko da sunansa take, ko akwai jingina a kai, ko kuwa hiyaza ce kawai, wato riƙon fili ba rajista. Idan gidan gado ne, ku tambaya ko duk magada sun ba da wakilci, domin na taɓa ganin ciniki ya tsaya wata biyar saboda magaji ɗaya yana Jidda bai aiko da takardarsa ba. Ku kuma aika wani naku ya ga gidan da idonsa, tunda gidaje da yawa a Khartum an kwashe musu ƙofofi da wayoyin wuta, mai gidan kuwa yana iya riƙe da farashin da ke kansa tun kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Sannan a rubuta adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi a gaban lauya, saboda har yanzu mutanenmu suna kiran dubu miliyan, suna kiran miliyan biliyan, al'adar da ta rage tun canjin kuɗi na 2007.

Malamin allo, Kasala: Game da kafin alƙalami, wanda a nan ake kira arbun, yana da kyau a san matsayinsa kafin a karɓa. Malamanmu na Malikiyya ba su yarda mai gida ya riƙe shi ba idan ciniki ya warware, Hanbaliyya kuwa sun halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Brunei a 1993, bisa sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira. Na zauna sulhu a kan irin wannan kuɗi sau biyu, kuma duka biyun rigimar ta taso ne daga rashin faɗin makomarsa tun farko: mai saye yana ganin ajiya ya bayar, mai gida yana ganin diyyar jiransa ce, alhali an riga an kashe kuɗin a hidimar biki. In kun karɓa, kada a raba wa magada ko sisi.

Baban Hauwa, Wad Madani: Ku gafarce ni, iyayena, ni ina cikin waɗanda aka ɗaga wa ƙafa, kuma ba don haka ba da har yau haya nake yi. Wanda ya sayar mini bai rufe ƙofarsa ba. Mun rubuta cewa gidan yana nan a kasuwa, idan wani ya zo da kuɗi a hannu zai sanar da ni, in cika cikin kwana goma ko in karɓi abin da na bayar ba tare da ɓacin rai ba. Wannan sharaɗi ne ya sa na rage farashin tsohon gidana da kaina a mako na shida. Na so in ba shi cek mai kwanan wata na gaba, ya ƙi karɓa, ya ce ko da doka ta ba shi damar sa a tsare ni in cek ɗin ya dawo, zamana a kurkuku ba zai saya masa bulo ko ɗaya ba.

Baban Zainab, Gadarif: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yayanmu duka bayan sallar isha'i, ya yi shiru ya daɗe a kan maganar rumfar Baba. Mun kira mutumin, mun ce kwana 45 za mu iya, gida yana kasuwa, makulli yana hannunmu, kuma ɗan ƙanwarmu da ke Bahri, can ɓangaren Khartum, zai je ya duba gidan Hajj Yusuf ranar Asabar. Bai ji haushi ba, sai dai da aka zo maganar shahadat bahas ya ce gidan da sunan mahaifiyarsu yake, kuma su biyar ne, ɗaya yana Alƙahira. Mai tayi na biyu ya ce zai jira amsarmu zuwa Juma'a.