Littafin da ka karanta kana yaro, ka sake ɗauka bayan ka girma, yaya ka ji?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya ina gyaran akwatin littattafan yara na ci karo da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na ce bari in ɗan duba kafin a kira isha'i, wlh ban ajiye ba sai da na kai ƙarshe, ina kuka. Mun yi shi a sakandare, lokacin ni abin da ya dame ni kawai in haddace sunayen garuruwa sbd jarabawa, Kagara, Murzuk, Tarabulus, Rauta, shikenan. Amma yanzu da nake da 'ya'ya uku sai na ga ashe littafin nan labarin uwa ne. Matar nan ta bar ƙasarta ta bi sahara tana neman ɗanta da aka sace, ita ma aka mayar da ita baiwa, ta sha wuya shekara da shekaru, da ƙyar suka haɗu a Tarabulus kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Ni da nake shiga tashin hankali in Hanifa ta yi lattin dawowa daga islamiyya. Don Allah akwai wanda irin haka ta taɓa faru da shi?

Ɗan Funtuwa:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni da Magana Jari Ce ne. Muna yara babanmu yana da duka ukun, bangon na biyu har ya cire an ɗinke shi da zare, mu dai labaran ban dariya muke nema irin na Kalala da Kalalatu, mu tsallake duk inda Aku yake magana da Musa ɗan sarki. Bara na sayo wa yarana, ina karanta musu da daddare in an ɗauke wuta, sai na gane inda muke tsallakewa nan ne ƙashin bayan littafin. Akun nan fa aiki yake, yana riƙe ɗan sarki da labari har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, kowane labari akwai dalilin da ya sa ya zaɓe shi a daren. Kuma Hausar Abubakar Imam, kai jama'a. Littafi tun 1937 amma yarona ɗan shekara tara yana ganewa, sai 'yan kalmomi kawai yake tambaya.

Malam Sani Tica:
Ɗan Funtuwa ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekara 14 ina koyar da Hausa, kuma gaskiya Ruwan Bagaja ne ya juya min. Da can ina ganin Alhaji Imam gwarzo ne, Malam Zurƙe kuma mugu, sai da na koyar da shi aji bayan aji na ga su biyun duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kowa yana cutar ɗan'uwansa, bambancin dai Alhaji ne mai ba da labarin shi ya sa muke bin bayansa. Wata ɗaliba ce ma ta fara faɗa min haka a aji, ta ce Malam ai shi ma Alhajin ba ya jin tausayi. Na koma gida na sake karantawa na ga yarinyar ta yi gaskiya.
Hajiya Maman Hanifa, naki da nawa ai 'yan gida ɗaya ne, gasar rubutun Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 ce ta haifar da su, tare da Ganɗoki da Idon Matambayi, aka buga su a Zariya. Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja a lokacin bai fi shekara 22 ba.

Ummu Khalil:
Tohm ni nawa ba na makaranta ba ne, na haya ne. Akwai wani shago a bakin layinmu a Kano, ka ba da kuɗin haya a ba ka littafi na kwana ɗaya, ni da yayata muna karɓa-karɓa a ƙarƙashin bargo da tocila. A nan na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat. A lokacin haushin Delu, amaryar Alhaji Abdu, kawai nake ji, ina jira in ga ranar da asirinta zai tonu. Yanzu shekarata 11 da aure, na sake karantawa a azumin da ya wuce, wlh Delu ko a jikina, Alhaji Abdu ne matsalar tun farko, mutum yana da shago a kasuwa amma gidansa ba abinci, ya kori matarsa Rabi da 'ya'ya tara ya bar ta tana sayar da abinci tana ciyar da su. Kuma ƙarshen ya tsaya min a rai sosai, yadda aka taru a kan Rabi ta koma gidansa bayan shagon ya ƙone ya talauce. Da ina yarinya murna na yi wai an shirya. Yanzu kam ban san me zan ce ba, na rufe littafin na daɗe a zaune.

Maman Hanifa:
Ummu Khalil wlh ni ma ƙarshen nan ya dame ni. Amma ina ganin marubuciyar ba wai tana yabon abin ba ne, nuna mana ta yi yadda ake yi. Mata nawa muka sani da aka mayar haka sbd 'ya'ya.

Ummu Khalil:
Haka ne Yaya, ƙanwar mamanmu ma haka aka yi mata, shi ya sa ya taɓa ni.

Baban Sadik:
Ni kuma akasin naku ne, kada a ce duk wanda aka sake karantawa daɗi yake ƙarawa. In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, lokacin muna samari ba wanda bai karanta ba a unguwarmu, har kalaman ciki muke kwafa a wasiƙa. Na sake ɗauka kwanaki, ina girmama littafin har gobe don shi ya jawo da yawanmu karatun Hausa, amma zuciyata ba ta buga kamar da ba, wasu wuraren ma sai na ga hirar ta yi tsawo. Abin da ya ba ni mamaki, yanzu da nake da 'ya mace sai na tsinci kaina ina sauraren ɓangaren iyayen Sumayya, budurwar da ke cikin labarin, ban yarda da auren dole ba ko kaɗan, amma na fahimci tsoron da ke sa iyaye su kafe a kan mai kuɗi.

Ɗiyar Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa. Mu nan lakkwal da Faransanci muka yi, ba a ba mu waɗannan a aji ba, wurin kakana na fara jin Jiki Magayi, wani ɗan'uwansa mai zuwa Kano fatauci ya kawo mishi, ni ke karanta mishi da idonshi ya yi rauni, ina hardewa yana gyara min. Lokacin tausayin Abubakar nake ji da aka ƙwace mishi Zainabu don Malam Shaihu ya fi shi dukiya. Bayan rasuwar kaka na sake karantawa ni kaɗai, sai na ga wanda aka fi zalunta Kyauta ne, ɗan Malam Shaihu, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba aka lalata mishi rayuwa don a rama wa ubanshi. Har yanzu littafin yana wurina, akwai inda kaka ya sa tsinke ya yi alama, ban cire ba.

Malam Sani Tica:
Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Ki riƙe kwafin nan da kyau 'yar'uwa, ki sa shi a leda sbd gara.

Ɗan Funtuwa:
Amin. Malam don Allah Ganɗokin nan da ka ambata, ni ban taɓa gama shi ba, ina yaro na tsaya a inda ya shiga ƙasar aljanu. Ana samun sabon bugu kuwa? Ina zuwa Zariya ranar Asabar in sha Allah.

Malam Sani Tica:
Ka duba wajen masu littattafan makaranta, ka ce bugun NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya, kake so, kuma ka buɗe ka ƙirga shafukan kafin ka biya, na taɓa sayen wani da shafi takwas babu a tsakiya.