Wutar cek-injin ta ƙi mutuwa, an ce sensan tanki ne

Abdul-Razak, Nima: Assalamu alaikum. Ina da Hyundai Elantra 2013, 'yar Amurka. Tun bayan ruwan da ya cika hanya na ratsa da ita, wutar cek-injin, mai gargaɗin matsala a injin, ta kama. Mota na tafiya lafiya lau, ba ta shan mai fiye da da. An sa mata kwamfuta ta nuna P0452, mai gyaran ya ce sensan da ke auna tururin fetur a tanki ne ya mutu, in je Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota a Accra, in sayo. Na canza murfin tanki, an goge lambar, ta dawo. In saya ne, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Baba Sule, Maamobi: Wa alaikumus salam. Tunda tana tafiya, manna baƙin selotef a kan wutar ka ci gaba da neman abincinka.

Masta Iliyasu, Sabon Zongo: Haba Baba, a yi haƙuri. Ran da wata babbar matsala ta taso a injin, da wace wutar motar za ta gaya masa?

Ƙanena, kuɗin murfin nan dai ya tafi a banza. Murfi in bai rufe da kyau ba, P0455 ko P0456 yake kawowa, wato tururi na zurarewa. P0452 maganar lantarki ce: wutar da ke komawa kwamfutar mota daga sensan ta yi ƙasa fiye da ƙima. Sensan na iya jawo haka, waya ma na iya jawowa, kwamfuta kuwa ba ta bambance su. Shi ya sa ban yarda a sayi kaya daga ganin lamba ba.

Sensan yana saman tanki ko kusa da gwangwanin gawayin da ke tara tururi. Wayoyi uku gare shi: mai kawo bolt 5, ta bodi (wato ta at, mai haɗe da ƙarfen jikin mota), da mai mayar da saƙo. A cire soket ɗin, a murɗa makulli ba tare da an tada injin ba, a sa mita. In babu bolt 5, laifin yana hanyar waya, sabon sensa ba zai yi komai ba. In akwai, a mayar da soket, a buɗe murfin tanki, a kalli abin da kwamfuta ke karantawa. Tanki a buɗe, dole ya nuna iskar ciki daidai da ta waje. In ya maƙale a ƙasa, a sake cire soket, mai wayarin ya haɗa wayar bolt 5 da ta saƙo na ɗan lokaci. Karatun ya tashi sama? To wayoyi lafiya, sensan ne. Bai motsa ba? A bi waya.

Tunda ka ambaci ruwa, ni soket zan fara leƙawa. Za ka ga ƙarafan ciki sun yi kore-kore, ko laka ta bushe a bakinsu. Kuma kada kowa ya matso da taba ko wuta wurin.

Hajiya Rabi, Madina: Tawa ɓera ne ya ci wayar a saman tanki, bayan na riga na sayi sensa hom-yus, wato na hannu. Mai shagon ya ƙi karɓa.

Munkaila, Fadama: In ta kama sai an saya, cire tsohon ka tafi da shi, lambar jikinsa za a bi, don na wata motar kan yi kama da shi amma awonsa daban. Sannan a gidan mai, in famfo ya tsaya da kansa ka ce ya isa. Cikon nan da ake yi har da girgiza mota fetur yake turawa cikin gawayin.

Abdul-Razak, Nima: Na gode ƙwarai. Masta, mun buɗe yau da safe, soket ɗin ya yi kore, mita ta nuna bolt 5. Mun wanke mun busar. In goge lambar ko in bar ta?

Masta Iliyasu, Sabon Zongo: Goge, ka yi kwana biyu kana yawo da ita, kada ka cika tanki fal. In ta dawo, kawo ta garejina bayan la'asar mu yi gwajin haɗa wayoyin.